Koriyar Tutar Baba Mudi

Kullum ƙarfe bakwai saura kwata na safe Baba Mudi yake fitowa ƙofar gida. Ba ya ƙara minti ɗaya, ba ya ragewa, alhali agogon da ke ɗaure a hannunsa ya tsaya tun shekarar da matarsa ta rasu. Zai fito cikin tsohuwar kakinsa ta reluwe wadda wanki ya cinye wa wuya, koriyar tuta naɗe a hammatarsa, ya hau dakalin da ke gefen kwata ya gyara tsayuwa. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, kai ka ce wannan layi nasu na Fadikpe mai ramuka da jar ƙasa shi ne layin dogon da ya tsare shekara talatin da ɗaya yana ba jirgi hannu.

Daga nan sai aiki ya kankama. 'Yan makaranta su biyo a guje jakunkuna suna dukan bayansu, su zo daidai dakalin su ci birki da ƙafa suna huci irin na kan jirgi. Baba ya ƙare musu kallo, ya warware tutar a hankali, ya ɗaga ta sama, sai su kwasa da ihu. Mai Keke, ɗan a-daidaita-sahu, ya rage gudu ya danna ham sau biyu. Matan da ke shigowa da doya a kafaɗa su ja su tsaya suna dariya, "Baba, a ba mu hanya mana, kayan nan da nauyi." Ko akuyoyin maƙwabta ne suka gitta sai ya ba su hannu. Kuma duk wanda ya wuce sai ya raka shi da ido har ya sha kwana, sannan ya juyo fuskarsa tana annuri, ya kwaɗa wa 'yarsa kira.

"Kyauta! Kin gani? Sun wuce lafiya!"

Kamar a duniya bai taɓa ganin an wuce lafiya ba. Haka ya ce jiya, haka shekaranjiya, haka bara war haka.

"Eh Baba, na gani," Kyauta za ta amsa daga tsakar gida, ba tare da ta ɗago kai daga tukunyar koko ba.

Kyauta ita kaɗai ce 'yarsa. Sai da suka shekara goma sha huɗu da aure sannan Allah ya ba su ita, shi ya sa laƙabin ya bi ta har ya danne sunan yanka. Shekararta ashirin da shida, tana aiki a wani shagon fotokwafi a cikin gari, inda take wuni tana ɗaga murfin inji tana rufewa, takarda ɗaya tana fito mata sau ɗari da fuska ɗaya. In ta dawo ta tuƙa tuwo, ta ba Baba maganin hawan jini, ta amsa tambayar da ya riga ya yi mata sau huɗu tun la'asar. Tun da ciwon ya kayar da shi shekara uku baya ya tashi da mantuwa. Ya san sallarsa, ya san 'yarsa, dokokin reluwe kuwa suna kansa tiryan-tiryan kamar hadda, amma abin da ya faru jiya ba ya kwana da shi. Likita ya ce a bar shi da tsayuwarsa ta safe, ita ce ke motsa masa jini da zuciya.

Tana son ubanta, Allah shi ne shaida. Sai dai akwai gajiyar da ba ta jiki ba, wadda ke taruwa a ƙirjin mutum idan ranakunsa suka yi kama da juna har ya daina tantance Litinin da Laraba. Abu ɗaya ne sabo a rayuwarta, Aliyu, malamin lissafi a wata sakandare, dogo mai sanyin magana, wanda ya ce da zarar damina ta ɗauke zai turo manyansa. Ba shi da uwa ba shi da uba, yayarsa Yasmin da ke aure a Abuja ita ta raine shi, ita ce kuma ake jiran amincewarta.

Wata ranar Laraba da azahar, Kyauta na shago, saƙon Yasmin ya shigo wayarta. Bidiyo ne. Wani ne ya ɗauki Baba daga tsallaken layi, yana tsaye ƙiƙam cikin kaki yana ɗaga wa akuyoyi uku tuta, an ɗora kiɗa a kai, an jera hotunan fuskoki masu hawayen dariya. A ƙasa Yasmin ta rubuta: "Ƙanwata, wannan ba layinku ba ne kuwa? Allah dai ya sa abin ba a jini yake ba."

Sau goma sha ɗaya Kyauta ta kalle shi. A karo na farko ubanta ta gani. A na goma sha ɗaya kuwa ba ta ga kowa ba sai wani tsoho da duniya ke yi wa dariya, da ita kanta a bayansa, 'yar gidan mai ba akuya hannu.

Alhamis ce ranar da mai kwashe shara yake biyowa layinsu da kurarsa tun gari bai gama wayewa ba. Baba ya idar da asuba ya ɗan kishingiɗa yadda ya saba. Tutar tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinsa. Kyauta ta shiga da sanɗa ta zare ta. Sandar ta yi sumul, wurin riƙo ya lotsa daidai da yatsunsa huɗu, har sai da nata yatsun suka faɗa cikin gurbin. Da ta tsaya ta ƙara numfashi ɗaya a wurin, da ta mayar. Ba ta tsaya ba. Ta cusa ta cikin buhun toka da ɓawon doya, ta ɗaure bakin, ta miƙa wa mutumin ta saman katanga. Tana jin kukan tayar kurar yana nisa har ya ɓace.

Lissafinta mai sauƙi ne, kuma har yau idan ta tuna shi sai ta ji kamar ta ɓuya daga kanta. Mutumin da ba ya tuna abin da ya ci jiya, in ji zuciyarta, kwana biyu ya ishe shi ya manta da wani tsumma.

"Kyauta, ina tutata?"

Yana tsaye a bakin ƙofa, ya riga ya ɓalle maɓallan kakin har wuya.

"Ban gan ta ba, Baba. Ina ka ajiye ta?"

Ba satar ce ta fi ci mata rai daga baya ba, wannan tambayar ce. Ta ga yadda ta shige shi. Bakinsa ya ɗan buɗe, idanunsa suka bar fuskarta suka shiga yawo a tsakar gida.

"Ina na ajiye ta," ya maimaita a hankali. "Ina na ajiye ta."

Ya ɗaga katifa. Ya zazzage akwatin ƙarfe. Ya leƙa bayan randa, ya leƙa akurkin kaji, ya koma ya sake ɗaga katifar. A waje yara suka zo suka ci birkinsu a gaban dakalin da babu kowa, suka yi ta huci suna jira, har wata babba a cikinsu ta ce za su makara, suka tafi a sanyaye. Mai Keke ya danna ham sau biyu, shiru, ya ƙara na uku. Kyauta ta kawo koko da ƙosai ta ajiye a gabansa.

"Ɗauke," in ji shi. "Ban yi aiki ba zan ci?"

"Haba Baba, don tuta kawai?"

Ya dube ta yadda ake duban yaron da bai san wuta ba. "Ma'aikacin da ya ɓatar da tutarsa ba shi da idon da zai tsaya a bakin aiki."

Ta tafi shago tana ce wa kanta gobe ya manta. Ya kuwa manta, sai dai ba irin mantuwar da ta yi lissafi da ita ba. Washegari bakwai saura kwata ya sa kakinsa cikin nishaɗi, har da 'yar waƙa a maƙogwaro, ya miƙa hannu bayan ƙofa, hannun ya tarar da ƙusa tsirara. Tana kallo daga madafa ya sake rasa tutar daga farko, sabuwa fil, kamar jiya ba a yi ba. Ya ɗaga katifa, ya zazzage akwati. Asabar ma haka. Yadda kullum yake ganin wucewar yara sabuwa, haka yanzu kullum yake ganin asarar sabuwa, kuma kullum kansa yake kamawa da laifi. Ya daina fita ko zaure. Cokali biyu na tuwo sai da roƙo. Ƙafafunsa suka fara tasawa saboda zama, fatar wuyansa ta saki.

Ranar Asabar ɗin da la'asar sakaliya Aliyu ya zo zance. An yi ruwa da rana, ƙasa tana ƙamshi, suka zauna a benci ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, ita a wannan gefe shi a wancan.

"Ranki ya daɗe, yau kuma fuskar ta wa aka aro? Wannan ba taki ba ce."

"Gajiya ce kawai."

"To Allah ya sawwaƙe. Baba fa? Kwana biyu ke nan ina zagayowa ban samu hannu ba. Jiya har na tsaya na kashe mashin, na ce ko makara ya yi."

Ta juyo. "Zagayowa kamar yaya?"

Ya yi dariya. "Ke a tunaninki ta Fadikpe ake bi daga gidana a Bosso zuwa makarantarmu? Shekara biyu ke nan ina ƙona mai saboda tsohon nan. Ranar farko kuskuren hanya na yi, na zo zan wuce ya tsare ni da ido, sai na ga kaina na taka birki. Da ya ɗaga tutar nan ya bi ni da kallo, wallahi sai na ji kamar wani babban abu na yi da na tashi da rai na hau mashin. A nan na fara jin muryarki ma, daga cikin gida, kina cewa 'Eh Baba, na gani.' Na ce a raina, wannan yarinya ƙarya take yi, ba ta ga komai ba, bari in nemi ganin mai wannan ƙarya."

Ya zaci za ta yi dariya. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"In maganar Anti Yasmin ce," ya ce, muryarsa ta sauka, "na ga abin da ta turo miki, mun kuma yi ta da ita. Bakinta ya fi zuciyarta kaifi. Ki bar ni da ita."

"Tutar ce ta ɓata," in ji Kyauta. Iyakar abin da ta iya fitarwa ke nan.

Bayan ya tafi ta daɗe a kan bencin. Abin da ta shekara ba ta tuna ba ya dawo mata gaba ɗaya: tana 'yar shekara biyar, a kan wuyan Baba, a mararrabar da titin mota ya ratsa dogo. Ƙasa tana rawa, jirgi yana tahowa da ƙugi, tarago bayan tarago, mutane suna ɗaga hannu ta taga. Yana wucewa sai ta dinga dukan hularsa da tafin hannu, "Baba a sake! A sake!" Shi kuwa ya ce, "Gobe zai sake zuwa, uwata." Gobe kuma ya kai ta. Bai taɓa cewa ai kin gani jiya ba. Da ta yi wayo, tana aji ɗaya a sakandare, ta taɓa tambayarsa ko ba ya gajiya da abu ɗaya kullum. Ya ce, "Mutum ɗari biyar sun wuce ta gabana a cikin ƙarfe mai gudu, ko ƙwarzane babu, kowa zai kwana a gidansa. Gobe kuma a sake yi mini. Gajiyar me?"

Ta bi sawun mai shara a ranar Lahadi da sassafe har bayan gari inda suke juyewa. Ya nuna mata wani tudu da ke hayaƙi duk da ruwan da aka yi, ya ce na Alhamis ai tuni. Daga can ta wuce wurin tela da koren yadi, ta sa kafinta ya fere mata sanda ya goge. Kafin azahar ta shigo da tuta sabuwa, korenta har ɗaukar ido yake.

"Baba, ga tuta."

Ya ɗago daga kwance, bai miƙo hannu ba. "Daga ina?"

"Ɗinko maka na yi."

"Mayar." Ya juya fuska bango. "Tuta ba ta fitowa daga kasuwa. Daga sito take fitowa, da sa hannun Masta, bayan an rubuta rahoton yadda ta farko ta salwanta. In kowa zai ɗinka tasa ya tsaya a bakin dogo, ai an gama kashe mutane."

Masta ɗaya ya rage a duniyar Baba, shi ne Baba Josiah, wanda ya yi shugaban tasha a zamaninsu, yanzu yana zaune a ƙarshen layi yana noman doyarsa a wajen Tagwai. Ta same shi ya dawo daga coci, yana zaune da kwat ɗinsa yana cin gyaɗa dafaffiya. Hausar Baba Josiah ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinsa.

"Kyauta, kai ne? Ina wannan tsohon ɗan rigima? Kwana huɗu matata yana wucewa da kaya babu hannu, ya ce shi ba zai ƙara zuwa kasuwa ba sai an buɗe hanya."

Ta gaya masa tuta ta ɓata, ta gaya masa maganar sito da rahoto. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ga fuskarta ya daina.

"Mudi ke nan. Ko a da haka yake, ko fitila ya fashe sai ya kawo kansa ƙara. To me za mu rubuta?"

"A ce iska ce ta ɗauke," ta faɗa da sauri. "Ai an yi hadari ranar Laraba."

Ya ɗan dube ta ta saman tabarau, duban da ya fi tsawon yadda take so. Ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar hularsa mai baki da wani littafi mai jan bango, ya karɓi sabuwar tutar ya saƙale a hammata.

Da Baba Mudi ya ji muryarsa a zaure sai ya yunƙura ya tashi, ya lalubi kaki ya sa, ya fito yana dafa bango. Ya tsaya a tsakar gida ya haɗe ƙafafu. Kyauta ta kawo kujera, ya ƙi kallonta ma.

"Barka da zuwa, Masta."

"Mudi, ka rame kamar sandar tutarka. An kawo mini rahoto kayan aiki ya ɓata." Baba Josiah ya zauna, ya buɗe littafin a cinya, ya cire murfin biro da haƙori. "An ce iska ne. Zan rubuta iska, in ba ka sabo, kowa ya huta."

"A'a, Masta."

"A'a me?"

"Iska ba ta shiga bayan ƙofa ta zare abu daga ƙusa." Muryar Baba ta fito a daidaice, irin wadda Kyauta ta daɗe ba ta ji ba. "Kada a rubuta ƙarya a littafi saboda ni. Kaina ne ya lalace, Masta. Na jima ina zargin haka, ina gani a fuskar yarinyar nan idan na yi mata tambaya. Mutumin da bai san inda ya ajiye tutarsa ba, wata rana zai ba jirgi biyu hannu a layi ɗaya. A rubuta sakacin ma'aikaci. A sauke ni."

Ya kai hannu wuyansa ya fara ɓalle maɓallan kakin. Na farko ya fita, na biyu sai da kyar. Baba Josiah bai hana shi ba, bai kuma rubuta komai ba. Biron yana tsaye a kan takarda, idonsa yana kan Kyauta.

Ba ta san lokacin da gwiwoyinta suka kai ƙasa ba. Siminti yana da damshin ruwan jiya.

"Baba, bar rigarka. Ni ce."

Hannunsa ya tsaya a kan maɓalli na uku.

"Ni na ɗauke ta ranar Alhamis kana kwance. Na sa ta a buhun shara na ba mai kura. Na bi sawu, an ƙone ta. Da ka tambaye ni na ce ban gani ba, har na ce ina ka ajiye ta, alhali na sani. Kwana huɗu ina kallonka kana nema." Kuka ya ci ƙarfinta, ta ƙarasa da kyar. "Ba ka ɓatar da komai ba, Baba. Ni ce."

Baba ya saki maɓallin ya dube ta.

"Ke?" in ji shi.

"Ni."

"Don me?"

"An ɗauke ka a waya ana yi maka dariya. Kunya na ji."

Ta jira tsawa, ta jira ya ce ta tashi ta ba shi wuri, har addu'a take yi ya yi hakan ko ta samu abin riƙewa.

"Da suka yi dariyar," ya ce, "wani ya ji ciwo?"

"A'a, Baba."

"To." Sai ya juya wajen Baba Josiah, kuma abin da ta gani a fuskarsa ya fi mari zafi, domin murna ce tsantsa, irin ta yaron da aka ce ya ci jarrabawa. "Masta, ka ji? Ashe ban ɓatar ba! A ƙusarta na rataye ta. Rubuta, ba sakacin ma'aikaci ba ne."

"Na rubuta," in ji Baba Josiah, yana rubutawa da gaske, harafi bayan harafi. Ya ja hanci ya gyara tabarau. "Saura mai laifi. Doka ya ce me, Mudi? Ni na tsufa, na manta."

Baba ya mayar da maɓallansa ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi 'yarsa da ke durƙushe, ya daɗe yana dubanta.

"Wanda ya taɓa kayan aiki ba da izini ba, zai yi tsayuwar mako biyu a bakin aiki tare da mai kayan. Don ya san abin da ya taɓa."

"Haka ne, yanzu na tuna," in ji Baba Josiah, ko da yake daga yadda gefen bakinsa ya motsa Kyauta ta gane yau ya fara jin wannan doka. Ya sa hannu a littafin, ya juya shi Baba ma ya sa, sannan ya miƙe ya miƙa sabuwar tutar da hannu biyu. Baba ya karɓa da hannu biyu. "Kai kuma tashi ka kawo wa ma'aikaci abinci," Baba Josiah ya ce da Kyauta. "Ni ma ban ƙi ba."

Ranar Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Litinin bakwai saura kwata Kyauta ta sauke koko ta fito bayansa da mayafinta, ta tsaya a gefen dakalin. Kunya kamar ta nutse. Hadari ya yi gabas, hasken safiya yana ratsowa ta ƙarƙashinsa ya kwanta a kan rufin kwanon gidaje. Shekara uku ana wannan abu a ƙofar gidansu, yau ta fara ganinsa da ido.

Baba ya warware tutar don ya gwada ta, sai ya tsaya. Ya juya sandar a hannunsa, yatsunsa suna neman gurbin da babu.

"Kyauta, wannan ai sabuwa ce. Ina tawa?"

Jiya ta tafi da komai, da durƙuson, da kukan, da yafiyar da bai ma furta ba. Yana kallonta da ido fari, duk abin da ta ce shi zai zama gaskiya. Tana iya cewa Masta ne ya canja wa kowa. Daidai lokacin mashin ɗin Aliyu ya shawo kwana, ya zo gabansu ya tsaya, ya kashe inji ya ɗage gilashin hular kwanonsa yana murmushi, kunnensa a buɗe.

Ta dubi Baba. "Ni na jefar da ita a shara, Baba, don na ji kunya ana yi maka dariya. Masta ya rubuta rahoto ya ba ka wannan. Ni kuma an yanke mini tsayuwa."

Murmushin Aliyu ya ɗauke. Ta ji idonsa a kanta, ba ta yarda ta kalle shi ba.

"Ashe ban ɓatar ba!" in ji Baba, fuskarsa ta washe kamar jiya, ba ragi. "To gyara tsayuwarki, ga jirgi yana jira."

Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ɗaga tutar. Aliyu bai tayar da mashin nan take ba. Ya dubi tsohon, ya dubi Kyauta da hawaye ke bin kumatunta a gaban duk mutanen layi, ya ce a hankali, "Gobe ma zan biyo." Sannan ya ja ya tafi.

Mako biyun sun cika tun tuni, damina ma ta kusa ɗaukewa, Kyauta ba ta daina fitowa ba. Yanzu ta san yarinyar da kullum takalminta ɗaya ke kwancewa a daidai kwata, ta san mai Keken da ya yi sabon ɗa ya liƙa sunansa a gilashi, ta san akuyar da ba ta taɓa jiran hannu. Sandar har yanzu ba ta lotsa ba, itace ba ya saurin karɓar hannun mutum, don haka kusan kowace safiya sai Baba ya juya ta ya yi tambayarsa. Kowace safiya kuma sai ta ba shi amsa, kuma ba ta taɓa zuwa mata da sauƙi ba. Shi kuwa ya yi murnarsa, ya ɗaga tuta, yara su kwasa da ihu, ya raka su da ido har kwana.

"Kyauta! Kin gani?"

"Na gani, Baba," take cewa, idonta a kan layin.